RUWA BA YA TSAMI BANZA: TARIHIN AUNA LAFIYAR GULBI A ƘASAR WURNO, RABAH DA GORONYO

Gabatarwa

Ni mutumin ƙasar Wurno ne. A wani ƙauye na bakin fadama aka yanke mini cibiya, kuma ruwan Gulbin Rima na fara sha bayan nonon uwa. Tun ina yaro na san ruwa iri-iri ne, domin da damina kakata ba ta yarda a juye ruwan gulbi a randa kai tsaye. Sai a bar shi ya kwana a tulu, ta jefa ɗan alif, in kuwa babu alif ta daka 'ya'yan zogale ta ƙulle a tsumma ta kaɗa a ciki. Kafin gari ya waye laka ta kwanta. Sa'an nan ta ɗebo a ƙoƙo ta duba, ta sunsuna, ta kurɓa, kana ta ce a sha. Duk da wannan tsantseni nata, ni da yawancin sa'o'ina mun yi fitsarin jini, watau tsargiya, har akwai masu ɗaukarsa alamar girma ce ga ɗa namiji. Babu wanda ya zargi gulbi, saboda ruwan da muke wanka a ciki da rani garai-garai yake, kana hango rairayin ƙasansa.

Da na zo jami'a na fara karatun tarihi, sai wannan abu ya riƙa dawo mini. Ta yaya mutanen da suka zauna bakin gulabenmu suka riƙa gane ruwa mai kyau da marar kyau? Wa ke da alhakin tsaronsa? Me ya canza, kuma yaushe? Abin da zan yi ƙoƙarin bi ke nan a wannan maƙala, daga kafuwar Wurno zuwa yau, don in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu cewa auna lafiyar gulbi aikin tarihi ne, kuma akwai hannunmu a ciki.

Gulbi biyu, kwari ɗaya

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mai karatu ya san shimfiɗar ƙasar. Goronyo da Wurno suna kan Gulbin Rima, Goronyo daga sama, Wurno daga ƙasa. Shi Rima haɗuwar gulabe ne. Akwai Gagare da Bunsuru masu tasowa daga ƙasashen Zamfara da Katsina, akwai kuma Gulbin Maraɗi, wanda ke farawa kusa da Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya ratsa Madarumfa da Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya. Rabah kuwa tana kan Gulbin Sakkwato, wanda ke tasowa wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau da Bakalori da Gandi kafin ya iso ta. Gulaben biyu suna gamuwa kusa da birnin Sakkwato, su gangara Argungu da Birnin Kebbi, daga ƙarshe su faɗa Kwara.

Duk ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa cikin waɗannan gulabe ita masana ke kira kwarin Sakkwato da Rima. Ma'anar wannan a sauƙaƙe ita ce, abin da aka zubar a kwatar Gusau yana iya isa mashayar Rabah, abin da aka fesa a lambun Maraɗi yana iya kwana a tafkin Goronyo, abin da mu kuma muka zubar a Wurno, mutanen Sakkwato da na Argungu za su gamu da shi. Kowa na ƙasan wani, kowa kuma na saman wani.

Awon farko: ido da hanci da harshe

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa Wurno wajajen shekarar 1830 a matsayin ribaɗi, don tsare Sakkwato daga hare-haren Gobirawa da Azbinawa. Ya zaɓi tudu mai kallon fadamar Rima, inda za a sami ruwan sha da kiwon dabbobi da wurin noma, kuma a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Rabah ma gari ne na zuriyarsa. Ɗansa Abubakar Atiku na Rabah ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877, jikan Atikun kuma shi ne Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa a Rabah a 1910, ya kuma zama hakiminta a 1934. Garuruwan nan duka gulbi ne ya ja su inda suke.

To, da me mutanen wancan zamani suke auna ruwa? Amsar tana cikin littattafan farko da kowane almajiri ke karantawa, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala. Babin tsarki ya tsayar da siffofi uku na ruwa: launinsa, da ɗanɗanonsa, da warinsa. In ɗaya ya jirkita saboda najasa, ruwan ya ɓaci. In abu mai tsarki ne ya jirkita shi, kamar nono ko mai, ana iya aikin gida da shi amma ba a alwala. In kuwa jirkitar daga mazauninsa ce, kamar laka ko gishirin ƙasa ko gansakuka, babu laifi. Mai karatu ya lura da wannan rarrabewa ta ƙarshe, domin ita ce har yau ginshiƙin aikin masu auna ruwa, watau bambance abin da ƙasa ta ba ruwa da abin da ɗan Adam ya zuba masa.

Shari'a ba ta tsaya ga ƙoƙon alwala ba. Ta hana biyan bukata a mashaya da cikin ruwa mai kwanciya, ta kuma ba rijiya da gulbi harimi, watau filin da ke kewaye da su wanda ba a yarda wani ya yi abin da zai cuci ruwan ko masu zuwa ɗiba a cikinsa ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi bayanin harimi a littafinsa na hukuncin mallakar ƙasa mai suna Ta'alimur Radi. Ban da wannan akwai tsarin gargajiya wanda ya girmi jihadi: sarkin ruwa da masunta, masu faɗin ranar da za a faɗa su a tafki da ranar da za a ɗaga ƙafa, da sarkin rafi mai kula da lambuna. A al'adar garuruwan bakin gulbi akan ware wurin ɗibar ruwan sha daga sama, wurin wanka da wanki a ƙasansa, mashayar dabbobi can gaba. Wannan tsari ne na sarrafa gulbi, ko da yake ba wanda ya rubuta shi a takardar ofis.

Baƙon da ya kwanta ciwo a Wurno

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa zamanin da komai lafiya lau yake. Doka daban, aiki da ita daban. Bature matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa, ya zauna Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kuma a labarin tafiyarsa ya koka da ƙazantar wani kwazazzabo da ya ratsa garin. Kowa ya san inda ruwan kwazazzabo ke zuwa in aka yi ruwan sama. Da ya komo daga Tambutu a daminar 1854, atuni ya kwantar da shi a Wurno makonni da dama, har sai da aka yi masa maganin gida, watau dakakkiyar shinkafa da nono da 'ya'yan bagaruwa, kana ya tashi ya kama hanyar Kano cikin watan Oktoba. Kafinsa, ciwon ciki irin wannan yana cikin abin da ya kashe Clapperton a Sakkwato a 1827.

Abin mamaki, a watan Satumban 1854 ɗin nan da Barth ke kwance a Wurno, annobar amai da gudawa tana kashe mutane a wata unguwa ta birnin Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana rubuta inda aka mutu da inda mamatan ke ɗibar ruwa, sai ya ga yawancinsu famfo ɗaya suke sha. Ya sa aka cire hannun famfon. Mutanen unguwar suna yabon ruwan famfon nan saboda daɗinsa, alhali masai ne ke tsiyaya cikin rijiyar. Ashe ruwa yana iya cin jarrabawar ido da hanci da harshe, ya kuma yi kisa. Abin da ya tona asirin famfon shi ne rubutu da lissafi: wa, a ina, yaushe. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Zamanin Turawa da binciken ƙasa

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kula da tsabtar gari ta koma hannun En'e. Tsofaffi har yau suna tuna duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa, in ya ga 'ya'yan sauro a kai mai gida gaban alkali. An kuma gina rijiyoyin siminti a garuruwa da yawa. Amma gulbin kansa ba a ɗauke shi abin aunawa ba sai da maganar noman rani ta taso. Aikin ban ruwa na Wurno, wanda ke shan ruwa daga madatsar Lugu, yana cikin na farko-farko a lardin, ya girmi manyan madatsun da za mu ambata.

Bayan samun mulkin kai aka yi manyan bincike guda biyu. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta auna ƙasa da ruwan kwarin Sakkwato, ta ba da rahotonta a 1969. Wasu masana biyu na Amurka kuma, Anderson da Ogilbee, sun buga nasu a 1973 a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sunayen garuruwanmu ma sun shiga littattafan ilmin duwatsu na duniya, domin akwai shimfiɗun ƙasa da ake kira da sunan Taloka, da Dukamaje, da Wurno. Masana sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce wannan yanki teku ne, har an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku wadda masanan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. Wannan tsohon teku ya bar gishiri-gishiri da farar ƙasa a cikin duwatsun, shi ya sa wata rijiyar ruwanta zartsi ne, sabulu ba ya kumfa a ciki, wata kuma ruwanta ya bar jan tsatsa a bokiti. Irin wannan jirkita daga mazauni take, kamar yadda malaman fiƙihu suka ce. Wanda bai san ta ba zai ɗora wa mutane laifin ƙasa, ko ya ɗora wa ƙasa laifin mutane.

Zuwan madatsu

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya girgiza gwamnati. A 1973 aka kafa hukumar raya kwarin Sakkwato da Rima tare da ta Tafkin Cadi, a 1976 kuma aka mai da irin waɗannan hukumomi goma sha ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Daga nan gulabenmu suka shiga wani sabon zamani. An gama madatsar Bakalori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. Rikicin biyan diyyar gonaki ya kai ga arangama tsakanin manoma da 'yan sanda a watan Afrilu na 1980, aka rasa rayuka masu yawa. An gama ta Goronyo a kan Rima a 1984, aka buɗe ta a 1992, ita kuma tana ɗaukar kubik mita miliyan 942. Don mai karatu ya kwatanta, kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, watau duro biyar. Can sama kuma a Jihar Katsina akwai madatsun Zobe da Jibiya a kan rassan Rima.

Ba na musun amfanin madatsu. Ruwan da Goronyo ke saki da rani shi ke ciyar da ma'aikatar ruwa ta birnin Sakkwato har zuwa Birnin Kebbi, shi ke raya shinkafa da alkama, da albasa da tafarnuwar da Wurno da Goronyo suka yi suna a kansu. Amma sun sauya halin gulbi. A da, kowace damina gulbi yakan cika ya malale fadama, ya wanke ta, ya bar mata sabuwar laka, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. Wani masani ɗan Ingila, W. M. Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasan Bakalori, ya buga sakamakonsa a 1985. Ya tarar malalen ya ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kamun kifi ya faɗi, har wasu masunta sun yi ƙaura. Ƙasar Rabah tana kan hanyar wannan ruwa.

Akwai kuma abin da ya sauya wanda ba a cika faɗa ba. Ikon gulbi ya bar hannun sarkin ruwa da dattawan gari, ya koma hannun injiniya mai riƙe da mabuɗin ƙofar madatsa. Shi kuwa injiniya abin da aka fi tambayarsa shi ne yawan ruwa: nawa ya shigo, nawa ya rage, nawa za a saki. Tsohon mai tsaro an rage masa ƙarfi, sabon kuma idonsa na kan ma'aunin zurfi.

Abin da ido ba ya gani

A daidai wannan lokaci ne abubuwan da ke shiga gulbi suka ƙaru. Shirin Fadama da aka fara da taimakon Bankin Duniya a farkon shekarun 1990 ya baza ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin tiyo, jigo ya zama labari. Noman rani ya bunƙasa, tare da shi takin zamani da maganin feshi. Abin da shuka ba ta sha ba yana bin magudana ya koma gulbi, ko ya nutse cikin rijiyoyin fadama marasa zurfi. Sinadarin naitaret na cikin taki ba shi da launi ba shi da wari, amma in ya yi yawa a ruwan sha yana hana jinin jariri ɗaukar iska. A da mai son kashe kifi da guba magimfa yake dakawa, wadda ƙarfinta ke gushewa da wuri. Daga baya wasu suka koma zuba maganin ƙwari irin su gamalin, wanda ke daɗewa a ruwa da jikin kifi, har duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da aka hana a 2009.

Tsofaffin cututtuka ma ba su tafi ba. Tsargiyar da na yi ina yaro, ƙwayarta a jikin wata ƙaramar katantanwa take girma, ita kuwa ba abin da take so kamar ruwa mai tafiya a hankali irin na magudanan ban ruwa da gefen tafki. Yaro ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, tsutsa ta fito ta huda fatar wani yaron. Amai da gudawa kuwa, wadda ta barke a Nijeriya a 1971, ta sake yin mummunar ɓarna a 1991 da 2010 da 2021. A 2021 kaɗai an lissafta mutum fiye da 100,000 da suka kamu a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki.

Mafi ban tsoro shi ne abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje da wanke su a kududdufai. Waɗannan ƙauyuka ba a kan reshen Rabah ko na Wurno suke ba, amma cikin kwari ɗaya muke da su, kuma haƙar zinariya ba ta tsaya nan kaɗai ba. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya da aka fitar a 2007 ya ce dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, naitaret kada ya wuce miligiram 50, ƙwayar cutar da ke nuna alamar bayan gida kuwa kada a sami ko ɗaya a mililita 100. Wane ido ne zai ga wannan? Kakata da ƙoƙonta ba su da laifi. Abokan gaban ne suka canza kama.

Amma akwai labari mai daɗi da ke nuna abin yana yiwuwa. Mahaifina yana da tabon kurkunu a ƙafa, ni ban taɓa ganin mai ɗauke da shi ba. A 1988 an ƙidaya masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Aka sa mutum a kowane ƙauye yana rubuta wanda ya kamu wata-wata, aka raba ƙyallen tace ruwa, aka hana mai ciwo shiga tafki. Mutum na ƙarshe ya kamu a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa an rabu da cutar. Littafin ƙauye da ƙyalle ne suka ci wannan yaƙi.

Shekara biyu masu darasi

Cikin shekara takwas Goronyo ta nuna mana fuskoki biyu. A watan Satumba na 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar, ambaliya ta share ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, dubban mutane suka rasa muhalli, har gadar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye. Ina ƙarami a lokacin, amma ban manta ba yadda ruwa ya haɗe masai da rijiya da turken dabbobi, bayan ya janye kuma mutane suka koma shan rijiyoyin nan, don ba su da wasu. A farkon 2018 kuma sai tafkin ya janye har ya rage kimanin kashi 10 cikin 100 na abin da yake ɗauka, saboda ƙarancin ruwan sama da kuma laka da ta cike cikinsa. Ga mai auna lafiyar ruwa wannan ma haɗari ne, domin gishiri cokali ɗaya a randa ba a jinsa, amma a ƙoƙo ba ya shawuwa. Ƙazantar da ke shiga gulbi ba ta raguwa don ruwa ya ragu.

Darasin shi ne, gulbi ɗaya ba ruwa ɗaya ba ne. Na farkon damina, mai kwaso sharar rani duka, daban yake da na watan Agusta, daban da na hunturu lokacin da ake zuba taki, daban da na bazara. Wanda ya auna sau ɗaya ya ce ya san Rima, kamar wanda ya ga mutum ranar salla ne ya ce ya san halinsa.

Awo ɗaya ba tarihi ba ne

Dokoki da hukumomi ba su yi mana kaɗan ba. An kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a 1988 bayan an jibge guba a garin Koko, aka yi dokar albarkatun ruwa a 1993, aka kafa sabuwar hukumar tilasta bin dokokin muhalli a 2007. Nijeriya da Nijar sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990 kan ruwan da suka yi tarayya a kai, har da Gulbin Maraɗi. Bincike ma ana yi. Na zauna a laburare na karanta kundaye da dama na 'yan'uwanmu na sassan kimiyya, waɗanda suka ɗebo ruwa a kwalabe daga Goronyo da Wurno da Rabah suka kai ɗakin gwaji. Aiki ne mai kyau, an sha wahala a kansa, balle yanzu da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, tun harin Tabanni a ƙasar Rabah a 2018 da na kasuwar Goronyo a 2021, har zuwa bakin gulbi a wasu wurare ya zama sai da shiri.

Abin da na lura da shi a matsayina na ɗalibin tarihi shi ne, yawancin waɗanda na karanta awon damina ɗaya ne da rani ɗaya. Wannan ya ɗebo a nan, wancan ya ɗebo a can, kowa da ranarsa, kowa da abin da ya auna. In an ba da digiri sai kundi ya hau kanta ƙura ta rufe shi, mai shan ruwan kuwa ba ya jin sakamako. Da na so in amsa tambaya mai sauƙi, shin ruwan Rima a Wurno ya fi na shekara ashirin da suka wuce kyau ko ya fi shi muni, sai na kasa jera kundayen su ba ni amsa. Mun san jerin Sarakunan Musulmi da shekarun kowane, saboda an sami masu rubutawa ba fashi, wani ya gaji wani. Gulbin da ya shayar da su yana bukatar irin wannan jeri.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, a tsayar da wuraren awo waɗanda ba za a riƙa sauya su ba: inda ruwa ke shiga tafkin Goronyo, da inda yake fita, da ƙasan magudanan Wurno, da mashayar Rabah, da kusa da magamar gulaben biyu. Na biyu, a riƙa aunawa a ƙalla sau huɗu a shekara, farkon damina da tsakiyarta da hunturu da bazara, abubuwa iri ɗaya, ta hanya iri ɗaya, ɗaliban bana su miƙa wa na baɗi. Na uku, a zuba sakamakon a littafi ɗaya, a ajiye kwafi a laburaren jami'a da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, inda kowa zai iya dubawa. Na huɗu, a mai da shi ga masu ruwan, a faɗa a rediyo da Hausa, a gaya wa hakimai da limamai da sarakunan ruwa, domin su ne za su iya hana wanke tankin feshi a mashaya, su kuma ne za su fara ganin kifi ya taso matacce.

Mu 'yan ƙungiyar Hausa muna da namu kason. Wa zai samo kalmomin da za a gaya wa manomin albasa abin da naitaret ke yi, in ba mu ba? Wa zai zauna da tsofaffin masunta ya rubuta inda malale ke kaiwa kafin Bakalori, da tafkunan da suka ƙafe, da lokacin da giwan ruwa da ragon ruwa da ƙarfasa suka fi yawa, da dokokin su na da? Wannan shi ne awon shekarun da ba a yi awo ba, kuma a kan tsofaffi yake. Kullum aka yi jana'izar ɗaya daga cikinsu, an binne shafi guda.

Kammalawa

Na bi wannan tarihi daga ribaɗin Muhammadu Bello zuwa madatsar Goronyo, na nuna cewa kakanninmu suna da ma'auninsu da masu tsaronsu, cewa ma'aunin nan ya gaza ganin wasu cututtuka tun a wancan zamani, kuma madatsu da takin zamani da haƙar ma'adinai sun ƙara abubuwan da ba ya iya gani. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In ya yi tsami akwai dalili, dalilin kuma yana da wuri da rana, waɗanda ba za a gane su ba sai an daɗe ana rubutawa.

Da hutun da ya wuce na je gida, na tarar da ƙannena suna iyo a magudanar da na yi iyo ina yaro. Na kira su na yi musu bayanin katantanwa, suka saurara da ladabi, da na juya baya suka koma ruwa, domin zafi ake yi kuma ba su da wani wurin. Saboda su na yi wannan rubutu. Inda na yi kuskure ina roƙon malamaina da 'yan'uwana, musamman na sassan kimiyya, su gyara mini a fitowa ta gaba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo zaman lafiya a ƙasarmu, amin.